Shawarwari a Zaure: Me Ya Kamata a Gani da a Bincika Game da Kwalejin Fourah Bay ta Freetown?

Malama Ta-Zazzau: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Aiki zai kai ni Freetown, babban birnin Saliyo, a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu, kuma bayan an tashi daga taron da zan halarta ina da ragowar kwana biyu. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina cewa Kwalejin Fourah Bay ce ta fara bayar da ilimin boko mai zurfi a Afirka ta Yamma, amma iyakar abin da nake faɗa musu bai wuce layi biyu ba: ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS ce ta kafa ta a shekarar 1827, kuma Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, shi ne ɗalibinta na farko. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa, da waɗanda suka yi karatu a kan lamarin, su ba ni shawarar wuraren da zan leƙa da mutanen da ya dace in bibiyi tarihinsu.

Alhaji Ɗan Kumasi: Wa alaikumus salam Malama. Na je garin sau uku a kan harkar kasuwanci, kuma shawarata ta farko ita ce ki sani tun daga gida cewa wurare biyu ne suke amsa wannan suna. Akwai kwalejin da ake karatu a cikinta yau, wadda take bisa dutsen da ake kira Mount Aureol, sannan akwai tsohon ginin asali a unguwar Cline Town, dab da tashar jiragen ruwa. Zuwana na farko na ce wa wani direba ya kai ni Fourah Bay, sai ya yi ta hawa da ni dutse har muka isa ƙofar jami'a, alhali kuwa tsohon ginin nake nema, muka ɓata wuni guda a cunkoso. Ki fara da na ƙasan. Gini ne dogo na jan dutse, rufinsa ya tafi, tagoginsa a wangale, itatuwa sun tsiro a jikin bango, manyan motocin ɗaukar kaya daga tasha suna ta wucewa ta gabansa suna tayar da ƙura. Gobara ce ta cinye shi a shekarar 1999, lokacin da yaƙin basasa ya shigo cikin birnin. Ki je da sassafe kafin hanyar tasha ta toshe.

Baba Hedimasta: Alhaji ya yi gaskiya, kuma zan ƙara wa Malama abin da za ta riƙe a ranta idan ta tsaya gaban wannan kango. An aza harsashinsa a 1845, aka kammala shi a 1848, kuma wanda ya tsaya a kan aikin shi ne shugaban kwalejin na lokacin, Edward Jones, baƙar fata ɗan Amurka daga jihar Carolina ta Kudu. Ana cewa katakon da aka yi rufin da shi daga jikin jiragen fataucin bayi da aka kama aka farfasa aka ciro shi. Wannan ba zai ba ki mamaki ba idan kika tuna yadda garin kansa ya cika. Bayan da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen ciki a Freetown, har adadinsu ya tasam ma dubu ɗari cikin shekaru kusan sittin. Crowther ɗaya ne daga cikinsu: an kama shi yana yaro a garin Osogun na ƙasar Yarbawa a 1821, aka 'yanto shi a teku a 1822. Saboda haka, 'yata, kada ki ɗauki kwalejin a matsayin makarantar 'ya'yan sarakuna irin wadda Turawa suka buɗe a Katsina shekaru kusan ɗari bayan haka. 'Ya'yan 'yantattun bayi aka tara domin a horar da su su zama malaman makaranta da masu wa'azin Kirista. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta karɓe ginin, aka mayar da ɗalibai wani gari mai suna Mabang, bayan yaƙi kuma aka haura da su dutse. Tsohon ginin ya zama hedikwatar hukumar jirgin ƙasa, daga baya ya zama kotun majistare.

Malam Bakatsine: Baba, Allah Ya ƙara girma. Ina so in ja hankalin Malama a kan kalmar "fara" da ta yi amfani da ita. Idan za ta faɗa wa ɗalibai, ta ce ita ce ta farko a tsarin karatun Turawa, domin an yi ƙarnuka ana karatu mai zurfi a Sankore ta Tambutu da Gobarau ta Katsina kafin a san za a yi wani gari wai shi Freetown. Bayan wannan gyara, shawarar da nake ganin ta fi kowace amfani ga mai koyar da 'ya'yan Hausawa ita ce ta nemi aikin Sigismund Koelle, wani Bajamushe da ya koyar a kwalejin tun daga 1847. Mutumin nan ya lura cewa a unguwannin Freetown da ƙauyukan da ke kewaye akwai masu magana da kusan kowane harshe na yammacin Afirka da tsakiyarta, sai ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar su kalmomi kusan 300 iri ɗaya, kamar kai da hannu da ruwa da lissafi daga ɗaya zuwa ashirin, yana rubutawa. Ya buga sakamakon a 1854 da sunan Polyglotta Africana, kuma ya ƙunshi harsuna fiye da ɗari. Hausa tana ciki, ta Kano daban, ta Katsina daban. Abin da ya fi taɓa ni ba jerin kalmomin ba ne, gabatarwar ce, inda ya rubuta taƙaitaccen labarin kowane mai ba shi bayani: garinsu, yadda aka kama shi, shekarun da ya yi a Saliyo, da yawan 'yan ƙasarsu da ke zaune a can. A ganina waɗannan mutane malamai ne na kwalejin ko da ba a taɓa rubuta sunayensu a jerin ma'aikata ba. Littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun hotunan shafukansa a intanet, don haka ki duba shi kafin ki tashi.

Malam Babarbare: Na goyi bayan Malam ɗari bisa ɗari, kuma ina ƙara sunan Ali Eisami, ɗan malami daga Gazir a ƙasar Borno, wanda aka sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku kafin a sauke shi a Saliyo. Shi ne ya zauna da Koelle ya koya masa Barbarci, kuma daga bakinsa aka samu nahawun harshen da tatsuniyoyi da karin magana da aka buga a 1854. Labarin rayuwarsa da ya bayar da kansa gajere ne, ɗalibin sakandare zai iya karanta shi a zama ɗaya.

Ɗalibi daga Damagaram: Ina gaida iyaye da malamai. Ni ƙarami ne a cikinku, amma ina da tambaya da kuma 'yar gudummawa. Mu a nan an fi ba mu labarin Dorugu, ɗan ƙasarmu da ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila ya yi aikin Hausa da ɗan mishan James Frederick Schön. Daga baya na gano cewa Schön a Saliyo ya fara koyon Hausa daga bakin 'yantattun bayi, shi ne kuma ya yi tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Crowther, ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843, shekaru da dama kafin ya haɗu da Dorugu. Ke nan rubutun Hausa da haruffan boko yana da saiwa a wannan gari na bakin teku. Tambayata ita ce, ina takardun wancan zamani suke yanzu?

Baba Hedimasta: Yaro, tambayarka ta yi kyau. Kashi biyu suke. Wasiƙun 'yan mishan da rahotanninsu suna ɗakin adana takardu na Jami'ar Birmingham a Ingila, inda aka ajiye kundin CMS. Amma gidan adana takardun tarihi na ƙasar Saliyo yana cikin harabar kwalejin a Mount Aureol, kuma a nan ne ake da rajistocin 'yantattun bayi, inda magatakarda ya riƙa rubuta sunan kowa yadda kunnensa ya ji, da shekarunsa bisa ƙiyasi, da tsayinsa, da irin tsagar da ke fuskarsa. Malama, ki keɓe rana ta biyu domin wannan. Ki tafi da takardar gabatarwa daga makarantarki, ki kuma rubuta musu tun kafin ki isa.

Hajiya Malamar Jami'a: Na ga maza sun tsaya a ƙarni na 19, bari in matso da zancen gaba, domin ɗalibai za su tambayi abin da makarantar ta haifar. Mabuɗin shi ne 1876, shekarar da aka haɗa ta da Jami'ar Durham, ta yadda ɗalibi zai zauna a Freetown ya rubuta jarrabawa ya sami digirin Ingila. Wannan alaƙa ta ɗore har 1967. Tun da Kwalejin Jami'a ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta, fiye da shekara saba'in ke nan da yawa daga masu neman digiri daga Legas ko Akara, in ba za su iya kuɗin Turai ba, jirgin ruwa suke shiga su nufi Freetown, abin da ya sa aka yi wa garin laƙabin Atina ta Afirka ta Yamma, wato kwatankwacin birnin Girka da ya shahara da ilimi. Ina ba ki shawarar mutum huɗu da suka yi karatu a kwalejin. Africanus Horton, likitan soja da ya yi kira a kafa jami'a ta 'yan Afirka tun a shekarun 1860. Henry Carr, wanda ya zama babban sufeton makarantu a Legas. J. E. Casely Hayford na ƙasar da ake kira Ghana a yau, jagoran taron 'yan kishin ƙasa na yankin a Akara a 1920. Sai Kenneth Dike, masanin tarihi da ya assasa gidan adana takardu na Nijeriya, ya kuma zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan. Kada kuma ki manta da Lati Hyde-Forster, mace ta farko da ta sami digiri a kwalejin a 1938, wato bayan shekara 111 da kafa ta. Wannan lissafi kaɗai ya isa darasi guda a ajin 'yan mata.

Malam Bakatsine: Hajiya ta kawo jerin da ya dace, sai dai ina so Malama ta dubi ɗaya ɓangaren. Manhajar ta fi karkata ga tauhidin Kirista da Girkanci da Latin, ba ta damu da aikin gona ko injiniya ba, kuma na tsawon lokaci 'ya'yan Kiriyo na birni, wato zuriyar 'yantattun bayi, ne suka fi cin moriyarta, mutanen cikin ƙasa kamar Mende da Temne suna gefe. Abin lura kuma shi ne unguwar Fourah Bay da kwalejin ta ari sunanta unguwar Musulmi ce, na Aku, jikokin Yarbawan da aka 'yanto. Ki nemi tarihin Edward Wilmot Blyden, wanda ya soki karatun da ke raba ɗan Afirka da al'adarsa, ya kuma riƙe muƙamin daraktan ilimin Musulmi a Saliyo daga 1901 zuwa 1906. Idan kwanakinki sun haɗa da Juma'a, ki yi salla a unguwar, domin ba ta da nisa da tsohon ginin.

Alhaji Ɗan Kumasi: Akwai wasu abubuwa da na manta. Filin jirgin sama yana Lungi, a tsallaken ruwa, don haka galibi jirgin ruwa ake shiga kafin a shiga gari, kuma ki saka wannan a lissafin ranar komawa. Sannan gidan tarihin jiragen ƙasa yana nan Cline Town, za ki iya haɗa shi da tsohon ginin a safiya ɗaya. Tsohuwar ƙofar farfajiyar da ake tsare 'yantattun bayi idan an sauke su, wadda ake kira King's Yard, tana nan a jikin asibitin Connaught. Shahararren rimin tsakiyar gari kuwa guguwa ta kayar da shi a watan Mayun 2023.

Malama Ta-Zazzau: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tsara haka: ranar farko Cline Town da sassafe, daga nan unguwar Fourah Bay da ƙofar King's Yard, rana ta biyu kuma gaba ɗayanta a wurin rajistoci a Mount Aureol. Yau da dare zan buɗe shafukan Koelle in ga yadda Bakanon da Bakatsinen suka ƙirga masa ɗaya zuwa ashirin. Baba, idan na sami izinin ɗaukar hoton shafin rajista mai ɗauke da suna irin namu, zan turo shi nan ku taya ni karanta rubutun magatakardan.