Neman shawara: taurin fata da haki, ko ƙurar unguwarmu ce take ƙara mini ciwo?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawararku a kan wani lamari da ya hana ni barci. Tun bara waccan likita ya tabbatar mini cewa ina da cutar taurin fata wadda suke kira sikilerodama, irin wadda ba ta tsayawa a fata kaɗai, har kayan ciki take taɓawa. Da yatsu ta fara: da na taɓa ruwan sanyi sai su yi fari fat, su koma shuɗi, sannan su yi ja da zogi. Daga baya fatar hannuna ta ɗaure har zobe ya daina shiga, bakina ya tsuke, ga ƙwannafi kullum dare. Tun shigowar hunturun nan kuma na fara busasshen tari, kuma ko tsakar gida na share sai na zauna ina haki. Muna zaune ne a wajen garin Kano, a gidan gadon su maigidana, kuma lokacin da aka yi rabo yayansa ne ya ɗauki sashen ciki, aka bar mana na bakin titi, duk da cewa mu muka gyara rufin gidan gaba ɗaya da kuɗinmu, uwar mijina kuma ta ce mu yi haƙuri tunda shi ne babba. Ta ƙofarmu tifofin da ke ɗauko tsakuwa daga wajen fasa dutse suke wucewa tun asuba, maƙwabcinmu mai sayar da ƙanƙara kuma janaretansa a jikin tagarmu yake. Maigidana ya ce hunturu ne kawai, zai wuce. Shin wannan iskar ce ta jawo mini ciwon, kuma idan na tashi daga gidan zan samu sauƙi?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya sa kaffara ne. Ba sai an kai ruwa rana ba, ƙurar dutsen nan ita ce matsalarki. Tun 1914 wani likita mai suna Bramwell ya lura da wannan cuta a tsakanin masu sassaƙa dutse a Sikotland, sannan a 1957 wani likita, Erasmus, ya ga ta yi yawa a cikin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. Abin da ya haɗa su shi ne sinadarin silika da ke cikin dutse da yashi, wanda idan aka shaƙe shi yakan maƙale a huhu ya tayar da garkuwar jiki, har ta juya ta fara yaƙar jikin mai ita. Dutsen da ake fasawa a kusa da ku cike yake da shi. Ki tattara yaranki ki bar gidan a wannan makon, ko da gidan iyayenki ne.

Maman Ɗalibai: Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Ni maganar janaretan nan ce ta taɓa ni, domin mu ma haka muke fama da wani mai shagon cajin waya a bayan ɗakinmu. Na kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce a sasanta, har yau sasantawar ba ta zo ba, ƙaramin ɗana kuma mai asma ne. Mutane ba sa tsoron haƙƙin maƙwabtaka yanzu.

Malamar Jinya: Ƙanwata, sannu da jiki. Abin da Baban Yara ya faɗa game da silika gaskiya ne, amma ya haɗa abu biyu wuri guda. Waɗanda aka yi binciken a kansu mutane ne da suka shekara da shekaru suna aiki a cikin rami ko a kan dutse, kusan duka maza, alhali wannan cuta ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu ba su taɓa zuwa wajen fasa dutse ba. Don haka babu wanda zai iya rantsuwa cewa tifa ce ta sa miki ciwon. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, cutar tana iya sa huhu ya yi tabo ya ƙanƙance, kuma huhun da ya riga ya raunana ba ya jure hayaƙi da ƙura, musamman ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu shiga har ƙarshen hanyoyin numfashi. Yatsun kuwa sanyi ne babban mai tayar da su, shi ya sa hunturu yake haɗa miki biyu a lokaci guda. Sabon haki da busasshen tari ba abin jira ba ne har hazo ya wuce. Ba ki gaya mana ba: an yi miki gwajin ƙarfin numfashi, da hoton huhu na siti (CT scan), da hoton zuciya? Wane magani kike sha, kuma da me kike girki?

Uwar Biyu: Anti, na gode. Ina shan nifedifin saboda yatsu da omefirazol saboda ƙwannafi. Likitan ya rubuta mini hoton huhun, amma da na ji kuɗin sai na ajiye takardar, domin a lokacin ne ake biyan kuɗin makarantar yara. Girki da gawayi nake yi tunda gas ya yi tsada, amma a waje nake hurawa. Abin da nake yi a ɗaki kawai shi ne haɗa turaren wuta, wanda shi ne sana'ata, kuma shi ƙamshi ne, ba irin hayaƙin janareta ba.

Baban Yara: Na faɗa miki abin da za ki yi, Hajiya, sauran duk zagaye ne. Hazon da kike gani daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso shi tsakanin Nuwamba da Maris, kuma shi ma akwai silika a cikinsa. Ki haɗa shi da ƙurar tifa, ki ga abin da huhunki yake ɗauka kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce kada matsakaicin waɗannan ƙananan ƙwayoyi ya wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a shekara, kuma babu bakin titin da tifa ke bi da zai kusanci wannan. Kuɗin da za ki kashe a hoto gara ki kama haya da shi a wata unguwa. Ni da kaina na bar gidan da na gina saboda kamfanin bulo da aka buɗe a gefena, kuma har yau ban yi nadama ba.

Malamar Jinya: Malam, idan hazon Chadi ne, ai wata unguwar ma zai bi ta, tunda duk Arewa yake rufewa. Kuma don Allah kada a hana ta hoton, domin da shi ne za a san ko tana buƙatar maganin da ke rage saurin ƙaruwar tabon huhu, irin su maikofenolet, kuma hakin yana iya zama daga hawan jini na jijiyoyin huhu, wanda canza gida ba zai taɓa shi ba. Ƙanwata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: turaren wuta itace ne da sukari da turare ake soyawa, sannan a ɗora a kan garwashi, kuma huhu bai san bambancin hayaƙi mai ƙamshi da mai wari ba. Hayaƙin da ke cikin rufaffen ɗaki ya fi kusa da hancinki a kan na titi. Aƙalla ki mayar da aikin waje, ki sa takunkumin N95, domin na yadi ba ya tare ƙananan ƙwayoyin.

Inna Mai Koko: 'Yata, ni shekaruna sun fi sittin ina hura itace, ban taɓa jin wannan ciwo ba sai a zamanin nan. Sanyi ne ya shige ki. Ki dinga shafa man kaɗanya da man habbatus sauda, ki sha citta da kanumfari, ki kuma dage da addu'a. Ni da ƙafata ta kumbura, wani mai kemis ya ba ni ƙwayar firednisolon, cikin kwana kaɗan na miƙe, alhali asibiti sun yi ta juya ni a layi ba su yi mini komai ba.

Malamar Jinya: Inna, man kaɗanya ba laifi, yana taimaka wa bushewar fata. Amma firednisolon kada ta kuskura ta sha ba da umarnin likitanta ba, domin ga mai wannan cuta yawansa yana iya tayar da hawan jini farat ɗaya ya lalata ƙoda. Shi ya sa ake so ta riƙa auna hawan jininta a kai a kai.

Uwar Biyu: Na gode muku duka, amma kamar ba ku fahimci halin da nake ciki ba. Tashi daga gidan ba a hannuna yake ba, kuma ranar da muka fita, yayan maigidana zai sa 'yan haya a sashenmu, mu rasa gaba ɗaya. Turaren kuma tun ina budurwa nake yin sa tare da mahaifiyata, ita ga ta nan lafiyarta ƙalau, kuma da kuɗinsa nake sayen magungunan da nake sha. A waje ba zai yiwu ba saboda ƙura tana ɓata shi, masu saye kuma amare ne da ba sa karɓar abin da ya canza ƙamshi. Takunkumi na gwada, yana ƙara mini haki. Ni abin da nake so in sani shi ne ko akwai hukumar da za ta sa a ɗauke janaretan nan daga jikin tagata.

Maman Ɗalibai: Idan kin samu hukumar, don Allah ki sanar da ni, ni ma ina nema.

Baban Yara: Ko an ɗauke janareta, tifofin suna nan. Na riga na faɗi nawa, Hajiya, kuma nan da damina za ki dawo ki ce Baban Yara ya faɗa.

Uwar Biyu: Malam, ai damina babu ƙura, lokacin ne ma nake samun sauƙi. Anti Malamar Jinya, takardar hoton da aka rubuta mini tun bara, za su karɓe ta haka, ko sai na sake ganin likita ya rubuta sabuwa?