Neman kalma: me za mu kira "kuronik" da Hausa?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Ina koyarwa a wata firamare cikin garin Sakkwato. Sau uku ke nan a zangon nan ana kawo mini takardar asibiti, likita ya rubuta ciwon yaro "kuronik" ne. Wata uwa ta dube ni ta ce, "Malam, mi ke nan?" Na tsaya ina kame-kame.

2/ Na sha jin ana fassara ta da "ciwo mai tsanani". Kuskure ne. Ba zafin ciwo take nufi ba, daɗewarsa take nufi, wanda zai lafa ya sake tashi, shekara da shekaru: sikila, farfaɗiya, asma, ciwon sukari. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi tsanani har a kwanta asibiti, amma a sha magani a miƙe. Shi ba ya ciki.

3/ Ga dalilin damuwata. Akwai yaro mai sikila a ajina. In hunturu ya kama, Disamba zuwa Janairu, sanyi ya tayar masa da ciwon ƙashi, sai ya yi mako biyu ba mu gan shi ba. In bazara ta zo, zafin garin nan ya haura digiri 40, dole ya riƙa shan ruwa a kai a kai, ga yawan fitsari domin sikila tana taɓa ƙoda. Malamin da bai sani ba, in yaron ya ɗaga hannu karo na uku, sai ya ce rainin hankali ne. Wanda ya fi tayar mini da hankali kuwa ba a ganinsa. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje sukan toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ba tare da hannu ko ƙafa ta shanye ba. Yaro ya fara mantuwa, lissafin da ya iya bara ya gagare shi bana, mu kuma mu yanke cewa wasa ya sa a gaba. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, don haka ba ajina kaɗai ba ne.

Farfaɗiya ma akwai wadda ba ta kayarwa. Yaro ya ƙura ido na ɗan lokaci, ya dawo, bayanin malam ya riga ya wuce shi.

4/ "Masu buƙata ta musamman" muna da ita, amma da an faɗa hankali sai ya tafi makarantar A. A. Raji, wurin kurame da makafi. Wannan yaron yana ji yana gani, yana zaune cikin sauran yara, kuma babu sunan da za a nema masa taimako da shi.

5/ Yayata, malamar jinya ce, ta ce "mutu-ka-raba". Yaya, ki yi haƙuri, ba zan iya faɗa wa uwa haka ɗanta na tsaye ba. Kuma ba kullum take gaskiya ba, yara da dama farfaɗiya kan sake su in sun dage da magani. Wani abokin aiki ya kawo "daɗaɗɗen ciwo". Ta dace da dattijo, amma ɗan shekara shida fa?

6/ Ni na tsaya a kan "ciwo mai naci". Mai naci shi ne wanda in ka kora ya tafi, gobe ka tarar da shi bakin ƙofa. Ba ta ce zai kashe ba, ba ta ce ya tafi ke nan ba. Ita ce ke sa malami ya shirya wa dawowarsa.

7/ Jiya na sa ta a takardar da na kai wa hedimasta: yara uku masu ciwo mai naci, a bar su da gorar ruwa a aji, su fita bayan gida ba sai sun nemi izini ba, a kuma ba su jarrabawar da ta wuce su suna kwance. Ya karanta bai tambaye ni ma'anarta ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke nan, in kalmar ta kauce wa abin da kuke nufi, ku gyara mini kafin taron iyayen yara.