Labarin 'yar riƙo: na yara zan rubuta ko na manya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina da labarin yarinya da gwaggonta ta ɗauka riƙo tun daga yaye, sai da ta kai shekara takwas ƙawarta ta faɗa mata wadda take kira Mama ba ita ta haife ta ba. Ina so 'yan shekara 7 zuwa 9 su karanta da kansu. Zai yiwu, ko ya fi dacewa da manya? Kuma shafi nawa?

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Zai yiwu ƙwarai, amma ki tsaya a kan abin da idon yarinyar ke gani. Yaro bai san rashin haihuwar gwaggo ba, bai san shawarar da manya suka yanke a ɗaki ba. Abin da ya sani shi ne ranar sallah an je gaisuwa wani gida, wata mata ta zuba wa yarinyar nama fiye da na kowa, amma ta ƙi kiran sunanta saboda 'yar fari ce. Wannan wurin kaɗai ya ishe ki jigo.

Inda ake yawan ɓata irin wannan labari shi ne a mai da shi tatsuniyar bora da mowa, gwaggo ta zama muguwa, yarinya ta yi ta shan wahala. Akwai 'yan riƙo da agololi a azuzuwa da dama, kuma za su karanta littafin. Ki bar gwaggon tana ƙaunarta, ita ma ƙawar ki sa ta faɗa ne da rashin sani, don sulhunsu ya yi ma'ana. Kalma 500 zuwa 800 ta wadatar, kada jimla ta wuce kalma goma sosai, mutanen labarin kuma kada su haura huɗu.

Na Maɗaba'a:
Hajiya, ta ɓangaren bugu: yawan shafuka dole ya rabu da huɗu saboda naɗin takarda, 24 ko 32 aka fi yi. Girman rubutu 18 zuwa sama. Ki zaɓi samfurin haruffa irin Andika, an yi shi ne don masu koyon karatu kuma yana da ɓ, ɗ da ƙ. In kika miƙa fayil ɗin Word, injin da ba shi da samfurin zai mai da masu ƙugiya akwatuna ko ya canja su, sai ƙasa ta koma kasa. Ki kai PDF, ki kuma nemi gwajin kwafi ɗaya kafin a buga sauran. Mai zane ya bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa a Najeriya.

Malamar Aji Uku:
Kafin ki biya mai zane, ki ba yara uku ko huɗu su karanta da ƙarfi. Duk inda biyu suka cije, ki sauya kalmar. Na manyan kuwa kada ki yar da shi, ki rubuta shi daban ta bakin uwar da ta bayar da 'yar, a nan kunya da kara za su fito. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tana karɓar labarin mata mai kalma 1,000 zuwa 1,500.