Wanke tankin ruwan sha na jirgin ruwa: a kawo abin da aka sani

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Tankin roba ne mai cin lita 200, an zuba masa bilic an ɗauraye, bayan mako biyu warin ya dawo. Me ake yi ba daidai ba?

Makaniken jirgi: Wa alaikumus salam Malam. Warin nan yawanci a tiyo yake, da kuma yauƙin da ke manne a bangon tanki. Sa yatsa ta bakin murfi ka shafa bango, in ka ji santsi kamar miyar kuɓewa, shi ne. Bilic yana cin saman yauƙin ne kawai, ƙwayoyin cutar da ke ƙarƙashi su sake yaɗuwa. Don haka a fara zubar da ruwan duka, a goge bango da kusurwoyi da buroshi, a kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa da soso. In tankin yana da shinge a ciki, bayan shingen ne dauɗa ta fi taruwa.

Ma'aikaciyar tsaftar ruwa: Bari in ƙara da ma'auni, don a nan aka fi kuskure. Ana neman miligram 50 na kulorin, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin bilic, a kowace lita ta ruwa. Duba jikin kwalbar bilic: in an rubuta kashi 5 cikin ɗari, mililita 100 ga kowace lita 100. In kashi 3.5 ne, mililita 150. Naka mai lita 200 ke nan 200 ko 300. Mai amfani da garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, giram 8 ya isa lita 100. A sayi bilic ɗin da ba a sa masa turare ko sabulu ba. Kwalbar da ta yi watanni cikin zafin ɗakin inji ƙarfinta ya ragu, a nemo sabuwa.

A dama shi a bokitin ruwa tukuna, a zuba, sannan a cika tankin har baki. A buɗe kowane famfo ɗaya bayan ɗaya sai an ji warin kulorin, a rufe, a bar injin tura ruwa a kunne don layukan su kasance cike. Awa huɗu shi ne mafi ƙaranci, kada ya kai yini da kwana. Daga nan a zubar, a cika, a sake zubarwa sau biyu ko uku.

Makaniken jirgi: Gaskiya ne Hajiya. Kafin a zuba, a cire matacin gawayi, domin yana shanye kulorin, duk layin da ke bayansa ba zai wanku ba. A sa sabo bayan an gama. A kashe hitar ɗumama ruwa. Jirgin da ke da injin mayar da ruwan teku na sha kuma, a rufe hanyar da ke tsakaninsa da tanki, kulorin yana lalata fatar matacinsa, kuma tana da tsada sosai.

Mai walda: Masu tankin alminiyom su kula. Kulorin yana cinsa, yana yi masa ƙananan ramuka kamar bakin allura, sai a wayi gari yana yoyo. Awa huɗu ta cika, a zubar nan take. Farin ƙarfe ma in ya daɗe da shi, wajen ɗinkin walda yake fara tsatsa.

Matuƙi a Kogin Neja: Abu biyu ba a ambata ba. Robar murfin da ake ɗura ruwa ta saman jirgi, in ta tsage, ruwan wanke dabe da na sama duk ciki suke gangarawa. Sai bututun shaƙar iska: zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki, a zura waya a fitar da lakar, a ɗaure bakin da raga. Tiyon da ake hango ruwa ta jikinsa kuwa, in rana na dukansa gansakuka za ta fito kore shar. Wannan canza shi ake yi da tiyon ruwan sha mai duhu.

Masu ɗiba daga kogi da damina, ruwan ja ne da laka, kuma laka tana cinye kulorin. A tara a duro, a sa alif ya kwanta, a tsiyaye na sama kafin ya shiga tanki.

Ma'aikaciyar tsaftar ruwa: Don Allah a ji wannan da kyau: wasu na ɗauraye tanki da binega don kashe wari. Kada ta haɗu da bilic ko kaɗan, iska mai guba suke fitarwa, ga cikin jirgi a rufe. Sai an gama ɗauraya tas. Kuma ruwan wankin nan ba na sha ba ne. Ma'aunin kulorin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ga ruwan sha miligram 0.2 zuwa 0.5 ne a lita, ana auna shi da 'yar takardar gwaji a famfon da ya fi nisa da tanki.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Tiyon da ke zuwa madafa irin mai hasken nan ne, kuma ya yi kore. Da shi za a fara.