Sintisaiza da Hausa: ni dai na tsaya a kan "maƙerar sauti"

Assalamu alaikum jama'a. Masu situdiyo na nan Jos, da malaman Hausa, da duk wanda kunnensa ya san kiɗa, ku taya ni mu yanke magana a kan kalma guda. Na'urar nan da Turawa ke kira sintisaiza har yau ba ta da suna a bakinmu. Fiyano muke ce mata, don a wurinmu duk abin da ya zo da madannai farare da baƙaƙe fiyano ne.

Ba raina kalmar fiyano nake yi ba. Ta yi aiki, ta kuma zauna daram. Tun shekarun 1990 da situdiyoyin Kano suka fara yi wa waƙoƙin fim kiɗa da Yamaha samfurin PSR, "kiɗan fiyano" ya zama sunan salo sukutum. A nan Jos kuwa shi ake ji a majami'u ranar Lahadi, shi ne a gidan biki, shi ne a wurin masu bege. Duk wanda ya ce zai cire kalmar daga bakin mutane wahalar da kansa kawai zai yi. Damuwata ita ce ta haɗiye abubuwa uku mabambanta, kuma duk ranar da ka zaunar da yaro za ka koya masa aikin situdiyo da Hausa, a ranar za ka ga inda ta gaza.

Fiyano na asali, wanda aka ƙago a Italiya wajen shekarar 1700, akwatin katako ne cike da tsirkiyoyin ƙarfe. Ka danna madanni, 'yar guduma ta bugi tsirkiya, sauti ya fito, ba ruwansa da wuta. Irin PSR ɗin nan kuwa, galibin sautukan cikinsa naɗo su aka yi daga kayan kiɗa na gaske aka zuba masa tun a masana'anta. Naka zaɓe ne kawai: lamba kaza sarewa, lamba kaza ganga, shi kuma ya riƙa yi maka rakiya. Sintisaiza ta asali ba ta da tsirkiya, ba kuma a naɗa mata komai ba. Da kanta take yin sautin, daga wutar lantarki.

Bari in nuna yadda abin yake idan tana gabanka, don sunan da za a raɗa mata daga aikinta ya kamata ya fito. Ɗauki irin Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a Amurka a 1970. A cikinta akwai tushen sauti guda uku, kowanne yana kaɗa wuta gaba da baya da sauri. In ya kaɗa sau 440 a daƙiƙa guda, ka sami muryar nan da ake saita kayan kiɗa a kanta. Ka zaɓi igiyar sauti mai siffar haƙoran zarto, ka danna madanni ɗaya ka riƙe. Abin da zai fito daga lasifika ba daɗi gare shi ba, ƙara ce mai kaifi mai tsaga kunne. To kada ka saki madannin. Ka kai ɗaya hannun kan mamurɗin mataci, wato sashen da ke tace sautin, ka murɗa shi hagu sannu a hankali. Za ka ji kaifin yana zubewa, ƙarar tana yin kauri, har ta koma gurnani wanda ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Daga nan sai ka koma kan mamurɗan da ke tsara rayuwar sautin, yadda zai taso da inda zai tsaya da yadda zai mutu. In ka sa ya taso a take ya mutu a take, ka sami bugu. In ka sa ya taso a hankali ya daɗe, ka sami wani abu mai kama da busa. Ɗanyen sauti ɗaya ne tun farko, hannunka ne ya mayar da shi abubuwa daban-daban.

Wannan aikin nake nema wa suna.

Ga shawarwarin suna da jama'a suka kawo min, da abin da na gani a kan kowace.

Wani matashin furodusa daga wajen Bauchi Road ya ce a bar ta sintisaiza kawai, ai rediyo da talabijin da kwamfuta duk aro ne, kuma ba su kashe Hausa ba. Ƙanena, maganarka tana kan hanya, kuma na san a situdiyo ba za ku daina cewa "sint" ba. Amma kalmar aron nan ba ta haihuwa. Me za ka kira aikin da ake yi da ita? Me za ka kira mai yin sa? Da ka tashi bayani sai ka ga jimlar gaba ɗaya ta koma Turanci, yaron da bai yi nisa a boko ba kuma ya koma haddace lambobi yana dannawa ba tare da ya san abin da hannunsa ke yi ba. Ta zauna a matsayin ta biyu, ban hana ba.

Wani malamin makaranta ya kawo "na'urar haɗa sauti", ya kuma yi bayanin cewa asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta harhaɗa abubuwa wuri guda. Allah gafarta Malam, tushen da ka kawo daidai ne. Sai dai kalmar tana da mai ita. A kowane situdiyo daga Angwan Rogo zuwa Rayfield, in aka ce ana haɗa sauti, ana nufin daidaita murya da kiɗa bayan an gama ɗauka, aikin mikisa ke nan. In muka ba sintisaiza wannan suna, rikici muka ƙara.

"Injin kiɗa" ya fi dacewa da akwatin ganga ko fiyanon da ke yin rakiya da kansa. Kuma ba kiɗa kaɗai sintisaiza ke yi ba. Kukan iska, rugugin hadari, ƙarar nan da ke sa gaban mai kallo ya faɗi a fim, duk ana yin su da ita. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta a garin nan suke, ɗaliban da ke koyon sautin fim ma suna da haƙƙi a kan kalmar.

"Na'urar ƙirƙirar sauti" ba ta da aibi ta fuskar ma'ana. Tsawo ne ya yi mata yawa. A ajiye ta don bayani a ƙamus.

Wata 'yar'uwa daga Bukuru ta ce "masaƙar sauti". Yaya, wannan ta yi min daɗi a baki ƙwarai, kuma ba na so ta ɓace. Ina ganin ta fi dacewa da na'urar da ke jera muryoyi ɗaya bayan ɗaya tana maimaita su, don masaƙi zaren da aka riga aka kaɗa yake jerawa. Mu riƙe ta don wancan.

Ni tawa ita ce maƙerar sauti, jam'i maƙerun sauti.

Maƙeri ɗanyen ƙarfe yake ɗauka, ya sa a wuta, ya buga, ya rage nan, ya lanƙwasa can, har ya zama fartanya ko wuƙa. Abin da na kwatanta a sama da mataci da mamurɗai shi ne wannan, ba ƙari. Kuma kalmar tana zuwa da danginta ba tare da an tilasta mata ba. Aikin shi ne ƙirar sauti. Mai yin sa maƙerin sauti. Za ka ce wa yaro "ƙera min bes mai kauri", wato sautin nan na ƙasa mai gurnani, ya gane nan take. Salon Moog, inda ake farawa da sauti mai kaifi a yi ta tacewa, ƙirar ragi ke nan. Kowane Bahaushe ya san maƙera, haka Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da muke magana da Hausa da su kullum a kasuwar Terminus, babu wanda zai tsaya tambayar ma'anarta.

Malamin nan ya dawo da gyara mai ƙarfi. Ya ce maƙera sunan wuri ne, irin su makaranta da marina da majema, alhali na'ura kayan aiki ce, kamata ya yi ta bi tsarin mabuɗi da magogi. Gaskiya ne, Malam. Amma in muka bi wannan tsarin "maƙeri" za mu samu, wanda a rubuce ba shi da bambanci da sunan mutumin da ke ƙira, tunda ba ma sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum. Sannan sunan wurin ma ya dace da tarihin abin. Na'urorin da Moog ya fara nunawa a 1964 ba akwati guda ba ne, sassa ne daban-daban a jere a cikin kabad, kana jona wannan da wancan da wayoyi. Don Buchla, da ya yi nasa a Kalifoniya a daidai wannan zamanin, bai ma sa madannan fiyano ba, faranti ne da ake shafawa da yatsa. A 1995 Dieter Doepfer a Jamus ya farfaɗo da wannan tsari na sassa a ƙaramin girma, kuma har yau kamfanoni da yawa suna yin sassa a kan ma'auninsa. Wanda ya tsaya gaban irin wannan, a wurin aiki yake tsaye, kayan aiki kewaye da shi. Wannan kuma shi ne babban dalilin da fiyano ba zai taɓa isar mu ba: da yawansu ko madanni ɗaya ba su da shi.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ya ce me ya sa ba "maƙerar amo" ba, tunda sauti Larabci ne, amo kuwa namu ne. Baba, Allah ya ƙara girma, na daɗe ina juya wannan. Abin da ya sa na bar amo shi ne ina da wani aiki da nake so in ba shi wanda ya fi wannan. In mai algaita da mai sarewa suka busa murya ɗaya daidai wa daida, kunne yana rabe su. Abin nan da ya raba su muna buƙatar sunansa a situdiyo kullum, kuma ban ga kalmar da ta kai amo ba. Sai mu ce maƙerar sauti aikinta sarrafa amo. Sauti kuma ya daɗe da zama ɗan gida.

Akwai wanda ya tambaya ko sunan zai ɗauki na zamani, ko tsofaffin kaɗai. Zai ɗauka. A 1967 John Chowning a Jami'ar Stanford ya gano cewa in ka sa igiyar sauti ɗaya ta riƙa girgiza wata da sauri sosai, amo sabo fil yake fitowa, mai kama da ƙararrawa ko ƙarfe. Shi ne ƙirar FM, dabara iri ɗaya da ta FM ɗin rediyo. Yamaha ta karɓi lasisin, ta fitar da maƙerar DX7 a 1983, mai aiki da lissafi a madadin zallar wuta. A shekarar ce kuma aka fito da MIDI, yaren da na'urorin kamfanoni daban-daban ke magana da juna. Daga 1996, da kamfanin Steinberg ya kawo VST, tsarin jona ƙananan manhajojin sauti a cikin manhajar situdiyo, hanya ta buɗe har maƙera ta koma cikin kwamfuta. Yaran da ke zaune gaban manhajar kiɗa ta FL Studio yau suna buga gangar nan mai gurnani ta amapiano, salon kiɗan Afirka ta Kudu, asalinta daga wata 'yar maƙerar FM ce da ke cikin manhajar. Bes ɗin da suke kira 808 kuwa sunan akwatin gangar kamfanin Roland ne, TR-808 na 1980, wanda bugunsa ƙera shi aka yi da wuta, ba a naɗo shi daga wata ganga ba. Suna ƙira kullum, sunan aikin ne ba su da shi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a yankinmu. William Onyeabor a Inugu ya yi faya-fayai da irin waɗannan na'urori tun ƙarshen shekarun 1970. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na lantarki a 1978.

Na gwada kalmar a cikin maganar da muke yi da gaske, in ji ko za ta yi tuntuɓe. Tsohuwar maƙera mai aiki da zallar wuta ba ta son sanyin Jos. Da safiyar Disamba in ka kunna ta za ka ji muryarta ta kauce, sai ka bar ta ta ɗumama kafin ka saita ta, in ba haka ba kana cikin ɗauka za ta zame maka. Ƙurar hunturu tana shiga mamurɗai, ka murɗa ka ji ƙarar ƙwas-ƙwas, don haka a rufe ta da ƙyalle in an tashi. Wanda ya sayi maƙerar gwanjo da ta fito daga Amurka ko Japan ya duba bayanta kafin ya jona, don wutarsu ba ta kai rabin tamu sosai ba ko ta wuce rabin da kaɗan, tamu volt 230 ce, ba tiransifoma sai hayaƙi. DX7 kuma tana da ɗan batiri a ciki, in ya mutu duk amon da ka ƙera ka ajiye ya tafi. Ban ji inda harshe ya sarƙe ba a cikin waɗannan jimloli.

Inda nake da sauran aiki shi ne na'urar da ke ɗaukar guntun sauti na gaske, a ce bugun kalangu guda, ta baza shi a kan madannai, irin Fairlight da aka yi a Ostareliya a 1979. Ita ba ƙira take yi ba, ɗiba take yi. Wasu kuma, kamar Korg M1 ta 1988, sun haɗa biyun: su ɗebo, sannan su tace. Na yi tunanin "maɗebin sauti", wani ya ce "manaɗin sauti". Masu situdiyo, ku gwada su biyun a bakin yaranku a wannan makon, ku faɗa mana wadda suka maimaita da kansu ba tare da an tuna musu ba.