Katunan Anki sun taru mini, ga jarrabawa ta matso

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Ina aji biyu a jami'a nan Katsina, sashen Bayoloji. Farkon zangon nan wani abokina ya saka mini AnkiDroid a waya, manhajar nan da ke dawo maka da tambaya daidai lokacin da kake dab da mantawa. Na bar ta yadda ta zo, sababbin katuna 20 kullum (kowane kati tambaya ce da amsarta), kuma gaskiya sunayen ƙwayoyin cuta sun zauna mini a kai.

Sai bikin yayata ya kai ni Daura. Kwana tara ban buɗe ta ba, ga hidima, ga waya kullum tana shagon caji. Na dawo na tarar da katuna sama da 600 suna jirana. Na mayar da sababbi sifili, ina yin 200 a rana, amma waɗanda na kasa amsawa sai su sake dawowa, tulin ya ƙi raguwa.

Saura mako uku jarrabawa. In mayar da katunan sababbi in fara daga farko, ko in daure in ci gaba? Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya fita.