Injin yankan itace ko gatari: wanne ya dace da gonar turare?

Ɗan Gabasawa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin daji. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona da ya dasa itacen turare (eucalyptus) a cikinta layi-layi, tushe kusan 300. Sun kai sara, kaurin yawancinsu bai wuce cinyar babban mutum ba. Bara na sa yara biyu suka sare guda 20 da gatari. Kwana huɗu suka yi, kututturan duk sun farfashe, ɗaya kuma ta faɗa wa shingen maƙwabcina, sai da na je ba da haƙuri. Yanzu wani ya kawo mini injin Stihl 070 na hannu, wai in saya in huta. Ni ɗinki na iya, ban taɓa riƙe injin ba. In saya, ko in ci gaba da gatarina? In kuma saye ne, me da me ake haɗawa da shi?

Ofareta Mai Sarƙa:

Wa alaikumus salam. Malam, mayar masa da 070 ɗinsa. Shekarata 14 da wannan injin a kafaɗa, na san shi. Na tsaga katako ne, irin manyan maɗaci da doka da ake kayarwa a fitar da falanki. Girmansa ya haura cc 100 (cc shi ne ma'aunin girman cikin inji), nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ba. Ka sa shi a turare mai kaurin cinya, kamar ka ɗauko tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa. Kafin azahar bayanka ya riƙe. Ƙarami irin MS 250, mai cc 45, ya ishe ka, kuma bai kai kilo 5 ba.

Sannan ka buɗe ido, jabu ya cika kasuwa. Fenti iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma wata biyu fistin ya tafi. Kada ka biya sai ka je da makaniken da ya saba da su ya tayar da shi a gabanka.

Maganar mai ita ce ke kashe injin sababbin shiga. Ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya da man injin mai bugu biyu. In mai kyau ne na kamfanin, kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5. Akwai kuma tanki na biyu na man da ke jiƙa sarƙa. Da yawanmu baƙin man da aka juye daga mota muke zubawa saboda arha, ni ma na yi, sai da ya toshe mini famfon mai na daina.

Ka sayi magagari mai zagaye daidai da haƙoran sarƙarka. Alamar sarƙa mai kaifi, tana fitar da ɓarzajjen itace. Da ka ga tana fitar da gari kamar na tuwo, tsaya ka wasa. Kuma ko sau ɗaya ta taɓa ƙasa, ta dakushe.

Abu na ƙarshe, kada ka taɓa yanka da saman hancin ƙarfen. Nan ne injin ke zabura ya dawo fuska. Ina da tabo a kafaɗar hagu, ba labari aka ba ni ba. Hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki da abin toshe kunne, duk ka lissafa su cikin kuɗin injin.

Tsohon Malamin Daji:

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya bar muku abin arziki. Yaro, ni abin da ya ja hankalina kututturan da ka ce sun farfashe ne. Turare ba a sare shi don a gama da shi. Yana sake tofowa daga kututture, ka sare yau, bayan wasu shekaru ka sake sara, ba tare da ka sayi dashe ko ɗaya ba. Amma sai yankan ya yi kyau: ƙasa-ƙasa, kada ya wuce taƙi ɗaya daga ƙasa, a ɗan karkace don kada ruwa ya kwanta a kai, ɓawon kuma kada ya saluɓe. Gatari a hannun yaro mai sauri ba ya ba da wannan. Zarto mai baka, wanda mutum ɗaya ke ja, yana bayarwa, kuma ba ya shan fetur. A zamaninmu da shi da babban zarto na mutum biyu muka yi aiki.

Wadda ta faɗa wa maƙwabcinka kuwa ba laifin gatari ba ne. Ana fara yi wa itace baki, wato a cire ɗan yanki, ta gefen da ake so ta faɗi, sannan a zagaya a yanko ta baya, ɗan sama da bakin, a bar ɗan tsakiya ba a raba ba don shi ke riƙe ta tana tafiya. Ka tanadi igiya mai ƙarfi ta ja, kuma ranar da iska ke kaɗawa a haƙura. Kafin ka fara, ka leƙa ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ji ko akwai takardar da ake buƙata, musamman ta ɗaukar itacen a mota.

Ba'are daga Maraɗi:

Ku dai kada ku raina adda. Bayan an sare, kowane kututture zai fito da tofo barkatai, sai an rage an bar biyu ko uku masu ƙarfi, kuma wannan aikin adda ce mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Mu nan da ita muka raya gawo da kalgo a gonakinmu.

Ɗan Gabasawa:

Na gode ƙwarai. Baba Malamin Daji, wallahi ban san ana barin tsakiyar nan ba, mu dai sara muke har ta faɗi. To in na ce ba zan sayi injin ba, in ɗauko mai yi da nasa, ya ake biyansu?

Ofareta Mai Sarƙa:

Ga wanda ɗinki ne sana'arsa, hakan ya fi. Wasu kan kowace bishiya suke ciniki, wasu kan yini, kai ka sayi fetur. Ka zaɓi na yini. Mai lissafin bishiya sauri yake yi, a tsaye zai yanka daidai gwiwarsa don kada ya sunkuya, kututturen da Baba ke magana ya tafi ke nan. Ka tsaya a kansa bishiya biyar na farko, ka nuna masa taƙin da hannunka. Kuma kada ka kayar da 300 ɗin gaba ɗaya, yi layi biyu ka ga yadda suka tofo bayan damina.